Yadda Ake Shirya Walimar Dangi a Tsakar Gida, Manya da Yara Kowa Ya Sake

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke an fara shigo da sabon gero, surukata takan kira ni ta ce, "'Yar nan, bana ma a wajenku za a haɗu ko?" Ni kuwa in ce, "In sha Allahu, Hajiya." Gidanmu a Kano bai fi na kowa ba, sai dai muna da tsakar gida mai ɗan faɗi, da darbejiya guda a kusurwa. A nan ake tara 'ya'ya da jikoki, ƙannen maigida da matansu, gwaggonni da kawunnai, a ci a sha a gaisa, tunda zumunta a ƙafa take. Abin da na koya a wannan hidima shi zan zayyana, daga ranar da aka tsayar da magana har zuwa naɗe tabarmar ƙarshe.

Tun yanzu in faɗi abin da na fi riƙewa: yara ake fara shirya wa, sannan manya. Yawancinmu mukan ƙare dabara a kan kujerun baƙi da girkin manya, a bar yara da "sa ci abin da ya samu". Sakamakon haka kowa ya san shi. Uwa ta zo zumunci amma ba ta zauna ba, tana bin ɗanta daga bakin murhu zuwa bakin rijiya, wani yana kuka an ture shi, wata ta ɓarar da zobo a kan leshin gwaggo. Idan yara suka samu wurinsu da abincinsu da mai kula da su, hirar manya da kanta take daɗi.

Rana da lokaci

A ƙasar Hausa yanayi ne ke yanke hukunci a kan taron fili. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, zafi ya sassauta, ƙura ba ta kankama ba, kayan abinci kuma sun shigo kasuwa. A Yuli da Agusta hadari kan taso daga gabas ya tarwatsa rumfa kafin a gama kwashe tabarmi, don haka duk mai taro da damina sai ya tanadi falo ko soron da zai ɗauki jama'a. Da bazara, musamman Afrilu, zafin Kano yakan haura digiri 40, abinci yana saurin lalacewa, yara suna saurin galabaita. Da hunturu kuwa a gama da wuri, domin sanyin bayan magariba da ƙura ba su yi wa jarirai da tsofaffi da masu asma daɗi.

A duba ranar da yara ba su da boko, a kuma tuna cewa Islamiyyu da yawa suna karatu Asabar da Lahadi. Idan da Sallah za a yi, a kauce wa ranakun hawa, saboda hanyoyin cikin gari kan cushe.

Ni nakan ce a zo bayan la'asar, a watse da an idar da isha'i. Magariba takan faɗi wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, kusan 7 a Yuli, to a lissafa da haka. Abinci mai nauyi ya fito kafin magariba, da sauran haske, kowa yana ganin abin da ke farantinsa.

Ƙirga baki

Kada ki tambayi mutane "ku nawa za ku zo?" ki tsaya a nan. Wasu ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya, wasu kuma za su ce "mu biyu ne" su zo su bakwai. Ɗauki takarda ki rubuta gida-gida, tunda kin san kowa: gidan Yaya babba manya uku yara biyar, gidan Kawu manya biyu yara huɗu, haka har ƙarshe. Ki raba yaran kashi uku: na goye da masu rarrafe, 'yan shekara 3 zuwa 9, sai 'yan 10 zuwa sama. Wannan rabon zai yi miki amfani a wajen abinci da wajen wasa.

A kan jimillar ki ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wannan rabon 'yan gayyar soɗi ne, da yaran maƙwabta da za su leƙo, da almajiran da za su tsaya a ƙofa, da kwanon da za a miƙa wa maƙwabta ta katanga. Ba a taro a unguwa a ce ƙamshi kawai maƙwabci zai sha.

Maganar kuɗi a yi ta tun da sauran mako uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wajenmu mun gwada karo-karon kuɗi, muka ga raba aiki ya fi sauƙi: wannan gida ya kawo abin sha, wancan cincin da dubulan, maza su ɗauki nama da hayar rumfa da kujeru, mai masauki ta riƙe shinkafa da miya. A rubuta a zauren WhatsApp na dangi kowa ya gani, don kada ranar ta zo a tarar da kula biyar ta zobo babu ruwan sha.

Maigida kuma ya taka da ƙafarsa ya gaya wa maƙwabta na dama da na hagu. "Malam, ranar Asabar muna da ɗan taron 'yan'uwa, za a ɗan yi hayaniya, a yi mana haƙuri. In da hali ma a shigo." Wannan kalma ɗaya ita ke sa a ba ku aron ƙofar gida don ajiye motoci da babura.

Zagaya gidan da idon yaro

Wannan shi ne matakin da ba na yarda a tsallake. Ana saura mako guda, ki zagaya tsakar gidan a hankali, ki riƙa durƙusawa kina kallon komai daga tsayin ɗan shekara biyu. Yaranki sun saba da gidan, sun san inda ba a zuwa. Yaran baƙi ba su sani ba.

Fara da ruwa. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi a sa kwaɗo, faifan kwano da dutse a kai ba rufi ba ne. Tankin ƙasa haka. Duro, baho da bokiti, duk wanda ke da ruwa ko dai a rufe ko a juye a kife. Yaro mai tatata nauyin kansa yakan rinjayi jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin ƙara. Ko ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, ya isa ya yi ɓarna. Murfin masai da na kwata a taka a ji ko suna motsi.

Sai guba. Kananzir, fetur, fiya-fiya, maganin ɓera, sinadarin wanke banɗaki, duk a kwashe a kulle a ɗaki guda. Na fi jin tsoron wanda aka ɗura a robar lemo, domin ranar walima kowace roba abin sha ce a idon yaro. Magungunan tsofaffin gida ma a ɗauke su daga kan taga.

Sai abubuwa masu yanka da masu faɗowa: fasasshen gilas, tsohon kwano mai tsatsa, ƙusa a jikin katako, tsanin da aka jingine, bulon da aka jibge. Igiyar shanya a kwance ta, don da duhu takan shaƙe mai gudu. Wayar wuta da ta zazzago a kira mai gyara. Idan akwai tumaki ko kaji a killace su, kare kuwa a ɗaure shi nesa. A share ƙarƙashin tarin itace da bayan randa, nan kunama ke fakewa.

Na faɗi wannan da ƙarfi ne saboda abin da na gani da idona. Wata shekara mai tsire ya gama aiki ya kwashe kayansa, ya bar toka a ƙasa, fara sol kamar ta mutu. Ɗiyar ƙanwar maigida, 'yar shekara uku, ta biyo balan-balan ɗinta babu takalmi ta taka. Ƙaran da ta yi har yau yana kunnena. Allah ya taƙaita, ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma taron a nan ya ƙare, uwar na kuka, mu duka jikinmu ya mutu. Tun daga ranar, ba a barin wurin wuta sai an kwara masa ruwa an ji ya daina huci, kuma ni da kaina nake tsayawa a yi.

Raba fili

Ki kalli inda inuwa take faɗawa da ƙarfe 4 na yamma, ba da safe ba. Inuwar katangar yamma ita ce dukiyarki a wannan lokaci, nan za a sa tsofaffi.

Wuri huɗu ake bukata. Maza a soro ko a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Mata a tsakar gida, a kan tabarmi da darduma, da 'yan kujeru masu majingina don masu ciwon gwiwa da masu juna biyu. Yara a gefen da iyaye mata za su riƙa hango su daga zaune, nesa da ƙofar fita. Wuta kuwa, murhu da tukubar mai tsire da tukunyar gas, a can ƙuryar da babu mai ratsawa, a tare ta da benci ko tebur a kwance. Kada hanyar banɗaki ta bi ta gaban wuta, kada kuma hanyar ɗauko abinci ta ratsa filin wasan yara. Mai ɗauke da tukunyar miya da yaro mai gudu ba su haɗuwa a hanya ɗaya.

Masu shayarwa a ware musu ɗaki ɗaya mai fanka, da shimfiɗa da gidan sauro, inda za a kwantar da jariran da suka yi barci. Sauran ɗakuna a kulle. Ba rowa ba ce, hankalin kowa ne zai kwanta.

Rumfa a kafa ta tun da safe, a ɗaure ƙafafunta da kyau. Idan ƙasa ce ba daɓe ba, a yi yayyafi sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar, ƙura ta kwanta kafin a yi shimfiɗa. Tabarmin roba sun fi kafet a wajen yara, ana gamawa sai a wanke.

Wajen alwala a jera butoci aƙalla shida da duro mai murfi, a inda ruwan zai gangara kwata ba ya bi ta ƙarƙashin tabarma ba. Maza za su tafi masallacin unguwa, mata kuwa a ajiye musu sallaya da hijabai na aro. Banɗaki a wanke, a sa sabulu da fitila, a ajiye fo na ƙananan yara. A bakin wurin cin abinci a sa mazubin wanke hannu da sabulu, buta da baho ma sun isa, amma ruwan a riƙa zuba shi, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.

Kada a dogara da wutar Nepa. A yi cajin fitilu tun jiya, a rataye su sama inda hannu ba ya kaiwa: ɗaya a wajen yara, ɗaya a hanyar banɗaki, ɗaya a soro. Idan janareto za a tayar, a ajiye shi a sarari nesa da taga da wurin zama, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Cefane da girki

Mu a Kano, busassun kaya irin su shinkafa, mai, sukari da ruwan leda a kasuwar Singer muke saye ana saura mako. Hatsi in da yawa ne Dawanau. Kayan miya 'Yankaba, ana gobe. Kankana, lemo da ayaba kasuwar 'Yan Lemo. Nama a yi magana da mahauci tun da wuri, a karɓa da safiyar ranar. Kowane gari da nasa kasuwannin, tsarin dai ɗaya ne: abin da ba ya lalacewa a fara da shi.

Ga lissafin da nake yi, a ce manya 30 ne yara 25. Yaron da bai kai shekara 10 ba rabin babba nake ɗaukarsa, sai in ƙara rabon baƙin da ba a gayyata ba, in tashi da faranti kamar 55. Kwanon awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka da kilo nake lissafi. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ciyar da mutum 8 zuwa 10 idan akwai wani abincin a gefe, ke nan kilo 6 zuwa 7 ya isa. Nama kilo 7 zuwa 8. In kaji ne, kowace a yanka ta gida 8. Waina uku-uku ko huɗu-huɗu. Zobo lita 20 zuwa 25. Ruwan leda jaka ɗaya guda 20 ce, a ba kowa uku, jaka 9 ke nan, da bazara kuwa a ninka. Abinci in ya ƙare akan yi haƙuri, ruwa in ya ƙare babu haƙuri.

Kada a yawaita kala. Abinci biyu masu nauyi sun wadatar: dafa-duka, wadda yara ke so, da waina ko sinasir da miyar taushe, wanda manya ke so. A ƙara tsire ko farfesu, da 'ya'yan itace. Na sha ganin an yi kala bakwai, masu girki sun jigata, rabi ya kwana ya lalace.

Cincin, dubulan, alkaki da dambun nama a gama su ana saura kwana biyu ko uku. Ana gobe a dafa zobo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace a sa a firji, a gyara kayan miya a markaɗa a tafasa, a jiƙa shinkafar waina da daddare. Da asuba a kai niƙa, a sa yis a rufe ƙullun ya tashi, a fara suya bayan azahar don ta iso da ɗuminta. Kunun aya kuwa ranar ake yinsa, kuma daga tacewa sai cikin ƙanƙara, domin 'yan sa'o'i kaɗan a zafi sun isa ya yi tsami. In babu tabbacin ƙanƙara, a haƙura da shi a yi lamurje.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Mai zafi a riƙe shi da zafinsa a kula ko a kan garwashi, mai sanyi a cikin ƙanƙara. Saboda haka kada a juye komai a tire lokaci guda, a riƙa fitowa da shi kashi-kashi. Haɗin kabeji mai mayonis shi ne ya fi saurin juyawa, a haɗa shi dab da ci. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama kada su taɓa kankana. Komai a rufe da faifai ko murfi saboda ƙuda.

A tuna da masu lalura. Jug ɗaya na zobo babu sukari don masu ciwon suga, a ɗaura masa zare a hannu a gane shi. A tambayi iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, tunda yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, miyar taushe ma da gyaɗa.

Idan za a ɗauko mai tsire, a yi magana dalla-dalla: naman wa, gawayin wa, ƙarfe nawa zai hura wuta. A ce masa kashin farko na yara ne, babu barkono, ya gasu sosai. Kuma a zare tsinken kafin a miƙa wa yaro. Yaro da tsinke a baki yana gudu, ba na son ko tunaninsa.

Yaran kansu

A naɗa mutum biyu, da sunansu, waɗanda aikinsu ke nan ba wani ba. Kada a ce "kowa ya sa ido", domin ɗan da kowa ke kallo babu mai kallonsa. 'Yanmata ko samari 'yan shekara 16 zuwa sama sun fi dacewa, da babba ɗaya a kusa da su. Nakan kira su gefe tun kafin baƙi su iso in ce, "Ke da ke, yau yaran nan amanarku ce. Ba aike, ba wanke-wanke, ba waya. Duk wanda ya aike ku ku ce Anti ta hana." In an tashi kuma in ba su tukuici mai kyau a gaban iyayensu. Mutum na uku ya zauna a soro, kada yaro ya fita titi sai da babba.

Da yara sun taru a fara ba su abin taɓawa, ayaba ko yankan kankana da ruwa, domin yaro mai jin yunwa ba ya wasa sai rigima. Sannan a sake su. Ba sai an kashe kuɗi ba. Alli ko gawayi ya isa a zana 'yar gala-gala a daɓe. Igiya ɗaya ta tsalle takan riƙe 'yanmata awa guda. Ga carafke da 'yan duwatsu, ga langa ga maza in filin ƙasa ne, ga gaɗa. Ɓuya ma ana yi, amma a faɗa musu iyaka: ba shiga ɗaki, ba bayan murhu, ba cikin mota ko tsohon firji. Ƙwallo a tsakar gida nakan hana, sai dai ta roba marar nauyi, don ta fata ƙarshenta cikin miya ko a fuskar wata tsohuwa. Idan akwai mai iya lalle a cikin dangi, a ba ta kusurwa, za ki ga 'yanmata sun yi layi sun natsu suna busa hannu.

Masu rarrafe a yi musu tabarmarsu dabam kusa da iyayensu, don manyan yara in wasa ya yi daɗi ba su ganin ƙasa. Waɗanda ba su kai shekara 5 ba kada a ba su gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, ko aya, ko alawa mai tauri, ko dabino da ƙwallonsa. Balan-balan in ta fashe a tsince ɓarɓashin nan take.

'Yan shekara 12 zuwa 15 su ne aka fi mantawa da su: sun fi ƙarfin gala-gala, ba su kai zaman manya ba. A ba su ludo ko dara a gefe, ko a ba su muƙami, wannan mai raba ruwa, wancan alƙalin tsere. Suna son a nuna an san sun girma.

Abincin yara ya riga na manya fita da kamar rabin awa. A wanke musu hannu, a zaunar da su a tabarma, ƙanana kowa da farantinsa na roba, manya uku-uku a tire. Nama a raba musu a hannu ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba mai ƙarfi ne zai cinye. Idan sun ƙoshi, iyayensu mata za su ci nasu da hannu biyu.

Yadda yinin zai gudana

Da hantsi rumfa, shara, yayyafi. Kafin la'asar girki ya sauka, mai masauki ta yi wanka ta shirya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma matar da baƙi suka tarar a gaban murhu tana gumi ba ta da fuskar shimfiɗawa. Ki sa wata 'yar'uwa ta riƙe madafa daga nan, ke ki tsaya tarbar mutane. Tsofaffi a tarbe su tun daga soro, a karɓi jakarsu, a kai su mazauninsu, a durƙusa a gaishe su, ruwa ya biyo baya nan da nan.

Wajen ƙarfe 5 yara su ci, da rabi manya su ci, a fara kai na maza da na tsofaffi. Kwanon maƙwabta da na almajirai a fitar da shi a lokacin da ake zuba na kowa, daga tukunya ɗaya, ba sai an ga abin da ya rage ba. Babban dangi ya yi addu'a kafin a watse zuwa sallah, lokacin kowa yana nan.

Ana kiran magariba a tattaro yara gaba ɗaya a ƙirga su. Sauro ya fito, duhu ya shigo, gudu ya ƙare. A sa musu riguna masu dogon hannu, a kunna fitilu. Bayan sallah ne lokacin da na fi so a duk taron. A shimfiɗa babbar tabarma a gaban Hajiya, yara su kewaye ta, ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Su amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Na ga yaran da ba su rabuwa da waya sun saki baki suna jin yadda Gizo ya yi wa Ƙoƙi wayo, na ga iyayensu ma sun bar hira sun matso. A roƙi tsohuwar tun ana saura kwanaki don ta tuno tatsuniyoyinta. Manya kuma a kawo musu shayi da sauran tsire.

In wani abu ya faru

A ajiye ɗan akwati a inda masu kula da yara suka sani: auduga, filasta, bandeji, man wanke ciwo, farasitamol na yara, gishirin zawo. Mota ɗaya a ajiye ta a bakin hanya, kada a tare ta, a kuma san asibitin da ya fi kusa. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Ƙuna, a zuba mata ruwa mai sanyi yana gudana har minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, kada a fasa bororon. In ta yi faɗi, ko a fuska take ko hannu ko tafin ƙafa, sai asibiti. Yaron da ya shaƙe, in yana tari a bar shi ya yi tarin, kada a cusa masa yatsa a maƙogwaro. In ya kasa tari ya kasa kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya tayar da mota. Wanda ya sha kananzir ko wani sinadari kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki robar a tafi da ita wajen likita.

Sallama da kwashe kaya

Tun da rana a ƙulla wa kowane yaro 'yar ledarsa, cincin da tuwon madara da biskit, iri ɗaya adadi ɗaya, a ɓoye sai lokacin tafiya. A yi guda goma na ƙari. Miƙa ta a soro ita ke fitar da yaron da ya ƙi tafiya ba tare da kuka ba. Ragowar abinci a zuba a robobi masu murfi a raba wa masu tafiya a daren, kada a bar tukunya ta kwana a waje. Kowace uwa ta ƙirga 'ya'yanta da takalmansu kafin a tayar da mota, direba kuma ya zagaya bayan motar ya duba kafin ya ja da baya.

Kafin samari su gudu a sa su tara kujeru goma-goma a ƙirga, tunda masu haya da lissafinsu za su zo. Ledojin ruwa a tsince su a buhu a daren, in aka bari iska za ta kai su kwata su toshe ta, har ƙofar maƙwabta a share. Kulolin aro a wanke a mayar washegari, kowace da ɗan abin da aka saka a ciki, ba a mayar da kwano haka nan.

Wanke-wanke zai iya jiran safiya in an jiƙa tukwane an kife bahon. Wuta ce ba ta jira. Ki ɗauki fitila da bokiti ki je ƙuryar da kanki, ki rufe kan gas, ki kwara wa toka ruwa, ki tona da itace ki sake kwarawa, har sai kin kai tafin hannunki kusa kin ji babu ɗumi, sannan ki kife bokitin ki shiga ɗaki.